Mai Kujeru da Takarar Yayanta

A unguwar ba wanda ke kiranta da wani suna sai Mai Kujeru. A gida kuwa Auta ce, kuma Auta za ta ci gaba da zama ko da furfura ta gama cinye mata kai. Ta yi karatu har ƙarshen sakandare, ta ci jarrabawa daidai gwargwado, amma a lokacin babban yayansu yana kwalejin horon malamai, ƙarfin gidan duk a kansa ya ƙare. Ba ta taɓa yi masa gori ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. Ta kama aiki a wani shagon sayar da kayan ɗaki, inda ta koyi duba ƙafar kujera kafin ta dubi fentinta. A nan wani mai walda da ke kawo musu gadajen ƙarfe ya gan ta. Ya riƙa kawo gado ɗaya-ɗaya alhali motar za ta iya kwashe su gaba ɗaya, har mai shagon ya gano shi, ya ce masa in aure yake nema ya fito fili ya daina ƙona mai a banza. Ya fito, aka yi.

Sana'ar kujeru ta same ta ne ba ta nema ba. Wani gidan abinci ya rufe, aka fito da kujerunsa na roba bakin titi, ta saye su a araha ta jibge a bayan shagon mijinta. Maƙwabta suka fara aro, ta gaji da aro ta sa kuɗi. Da tafiya ta miƙa, mijin ya ƙera mata ƙarafan rumfa, ta ƙaro tebura, ta kama wani dogon sito mai rufin kwano a bayan layin masu walda. In ka shiga za ka ga kujeru a jere har rufi, ka ji warin sabulu da na roba da rana ta gasa, ga teburinta a bakin ƙofa inda iska ta fi shigowa. Kowace kujera tana da ɗigon koren fenti a ƙarƙashinta.

Ba ta cika zuwa taro ba, amma tana sanin irin taron da aka yi daga yadda kayanta suka dawo. Na aure sukan dawo da maiƙo. Na ta'aziyya tsaf suke dawowa kamar ba a zauna ba. Na makaranta da rubutun biro. Na 'yan siyasa kuwa da karyayyun ƙafafu, don a kansu ake tsayuwa a hango ɗan takara. Shi ya sa ɗan siyasa ba ya loda ko kujerarta ɗaya sai ya biya tukuna.

Yayan nata, wanda gari ya sani da Hedimasta, ya yi ritaya da sauran ƙarfinsa, ga tsawo, ga murya, ga rashin abin yi. Sai ya mayar da hankali kan lambatun unguwa, wanda duk lokacin ruwa sai ya tumbatsa ya shiga gidajen mutane. Ya rubuta koke har ya gaji. Daga koke ya koma kiran taron unguwa, daga nan wata ƙaramar jam'iyya ta ɗauke shi ta ce ya fito takarar kansila. Jam'iyyar ba ta taɓa cin zaɓe a garin ba. Ofishinta ɗaki ne guda a saman wani shagon magani, da bencina, da fanka mai kuka, da kalandar da shekararta ta wuce.

Wata safiya Hedimasta ya shigo siton tare da Ciyaman na jam'iyyar, wani gajeren mutum mai fara'a wanda ya daɗe yana tuƙa motar haya kafin siyasa ta ja shi.

"Ranki ya daɗe, ma'ajinmu ya koma babbar jam'iyya, har da hatimi ya tafi," in ji Ciyaman. "Hukumar zaɓe kuma ta ce ba ta karɓar sunan ɗan takara sai da sunan ma'aji da asusun banki. Mun duba gabas mun duba yamma, ba mu ga wanda kuɗi ke jin tsoro kamarki ba."

"Ni fa ba 'yar siyasa ba ce."

"Ai shi ya sa muka zo. Sa hannu ne kawai."

Hedimasta kuwa rufin kwano yake kallo kamar ya zo duba yoyo. Can sai ya ce, "Auta, in ba za ki iya ba, ba komai."

Ta san wannan "ba komai" ɗin tun tana yarinya. Ta karɓi biro.

Da ta gaya wa mijinta, sai ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube ta. "To fa. Yanzu ko kuɗin cefane na bayar sai na karɓi rasit ke nan, Ma'aji?"

"Ka dai fara bayarwa a kan lokaci," ta ce.

Ba a jima ba hukumar zaɓe ta kira duk ma'ajin jam'iyyu bita. An yi ta a wani zaure mai faɗi, kuma abin da Mai Kujeru ta fara lura da shi shuɗayen kujerun da aka jera ne, na abokin hamayyarta da ke ƙetaren kasuwa. Manyan jam'iyyu sun turo akantoci da lauyoyi, wasu sun yi rajista sun fice. Ita ta zauna a gaba saboda kunnenta na hagu ba ya ji sosai.

Mai bitar wani siririn jami'i ne mai yawan gyaran murya, da alewar maƙogwaro a aljihu. Bai iya jawabi mai daɗi ba, amma abin da ya faɗa a fili yake. Duk kuɗin yaƙin neman zaɓe ta asusu ɗaya za su shiga su fita. Akwai iyakar abin da mutum ɗaya zai iya ba jam'iyya, akwai iyakar abin da ɗan takara zai kashe. Gudummawar da ba a san mai ita ba, ba a karɓa. Bayan zaɓe a kawo rahoto. Sannan ya cire tabarau ya ce, "In an sami matsala, ba ɗan takara za mu fara kira ba, ba ciyaman ba. Wanda ya sa hannu a matsayin ma'aji za mu kira."

A nan Mai Kujeru ta gane abin da "sa hannu ne kawai" yake nufi. Aka raba musu wani ɗan littafin bayani, jami'in ya rubuta lambar wayar ofishinsa a allo, ya ce duk mai tambaya ya kira kafin ya aikata, kada ya bari sai ya aikata. Mutane da yawa ba su kwafa ba. Ita ta kwafa a bayan littafin.

Ta kuwa yi ta kira. Ta kira ranar da aka tura wa ofis ambulan cike da kuɗi ta ƙarƙashin ƙofa babu suna, ya ce ta kai hukuma, ta kai, Ciyaman ya bi ambulan ɗin da kallo kamar an tafi da ɗansa. Ta kira ranar da ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Hedimasta suka yi karo-karo, ya ce ta nemi sunan kowa da abin da ya bayar. Har ya zama da ya ji sallamarta sai ya ce, "Ma'ajin ƙaramar jam'iyya, yau kuma me ya faru?" Wani lokaci ya ba ta amsa nan take, wani lokaci ya ce bai sani ba, zai tambayi lauyan ofis. In ya ce zai kira, yakan kira, ko da kwana ya biyo baya.

Duk wannan lokacin kujerunta da rumfunanta ne ke yawo a tarukan Hedimasta, kyauta. Bai taɓa faɗo mata a rai ta tambaya ba. Yayanta ne, kayan kuma nata ne. Sai wata rana tana karanta ɗan littafin don neman wata amsa daban, idonta ya faɗa kan wani sakin layi game da gudummawar da ba ta kuɗi ba: mota, ɗakin taro, abinci, aikin ɗab'i. Ta karanta, ta maimaita. Ta ɗauki waya.

"Malam, in mutum ya ba da aron kujeru fa?"

"Sana'arsa ce haya?"

"Sana'arsa ce."

"To gudummawa ce. Za a ƙiyasta da farashin da yake ba kowa. Wane ne?"

"Ni ce."

Ya yi gyaran murya. "Ki haɗa duka tun daga taron farko, ki gani ko kin kai iyaka."

Ta haɗa. Ba ta wuce ba, amma saura ƙiris, ga shi manyan tarukan duk suna gaba, har da babban gangamin ƙarshe a filin makaranta. Ta sake kira ta ce in ta ba su a rabin farashi fa. Ya ce rabin da ta bari shi ma kyauta ne. Ta ce in a sunan mijinta aka bayar fa. Ya ce in kujerun nasa ne.

Mijin da ke tsaye yana jin su ya ce, bayan ta kashe wayar, "Wannan ai mai sauƙi ne. Ki sayar mini da su a takarda, in ba Yaya, bayan zaɓe in mayar miki. Ni ma in ɗana arziki na wata biyu."

Ta yi dariya, amma zancen ya zauna mata. Washegari ta kira jami'in ta fara zagaye-zagaye, wai a misali, in mace ta sayar wa mijinta da kaya. Bai bari ta ƙarasa ba.

"Ma'aji, duk abin da aka tambaye ni a wannan wayar ina rubuta shi. Kina so ki ƙarasa tambayar?"

"A'a," ta ce. "Na fasa."

Abin da ya rage shi ne jam'iyya ta biya haya kamar kowa. Ta rubuta takardar biya ta taron da ke tafe, ta kai ofis ta ajiye a gaban Ciyaman. Hedimasta yana nan yana gyara jawabinsa. Ya miƙa hannu ya ɗauki takardar, ya karanta ta a nitse kamar yadda yake duba jarrabawar ɗalibin da ya ba shi kunya.

"Wannan ta wace ce?"

"Ta jam'iyya ce, Yaya."

"Kujerun da zan zaunar da mutanen da suka zo saurarona."

"Na kai iyakata. In na ƙara, ni za a kama da laifi, kuma za a iya taɓa takararka."

"Na karanta dokar nan kafin ke, Auta."

"To ka san da hakan ke nan."

Bai sani ba, kuma bai ce bai sani ba. Ya ajiye takardar, ya ɗauki jawabinsa ya koma bakin taga. Ciyaman ya yi ta sosa ƙeya. Daga baya ya biyo ta har matattakala yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ni na yarda da ke. Amma ki duba. Ke ce ma'aji, ke ce mai kaya. Ke za ki rubuta, ke za ki biya, ke za ki karɓa. Jibi-jibi a ce ƙanwar ɗan takara ta wawure asusun jam'iyya. Mutanenmu da suka ba da ɗan abin da ke hannunsu, me zan ce musu?"

Wannan ma ta tambaya. Jami'in ya ce doka ba ta hana ba, muddin wani ne ya sa hannu a biyan, kuma an nemi farashin wasu masu hayar an kwatanta. "Amma bakin mutane ba ya cikin littafinmu," ya ƙara.

Kafin ta yanke shawara labari ya isa gida. Inna ta aiko a kira ta. Ta tarar da ita a ɗakinta da rana tsaka, a kan katifa, rediyo na magana a gefe, kwalaben maganin ido a jere a kan taga. Inna ba ta amsa gaisuwar da kyau ba.

"Auta, wai da gaske ne kin kai wa yayanki takardar biya?"

"Ba shi na kai wa ba, Inna. Jam'iyya na kai wa."

"Jam'iyya 'yar wace ce? Ni dai na san wanda na haifa."

"Doka ce ta ce haka."

"Ita dokar tana nan ranar da kika faɗi kika fasa haɓa, ya goya ki a guje har asibiti? Kujerun roba, Auta. Ko na zinariya ne ai kin ba shi."

"Na ba shi, Inna. Na ba shi har na kai inda aka ce in tsaya."

"Wa ya ce ki tsaya?"

Ta yi ƙoƙarin bayani. Ta ce an yi dokar ne don kada mai hannu da shuni ya saye ɗan takara da kyauta. Inna ta ce to ita Auta sayen yayanta za ta yi? Ta ce a'a, amma doka ba ta ware ƙanwa. Inna ta ce lallai wanda ya rubuta wannan doka ba shi da 'yan'uwa. Ta ƙara muryar rediyo, zancen ya ƙare.

Mai Kujeru ta fito ta nufi ƙetaren kasuwa. Mai shuɗayen kujeru yana zaune a kan buhun tamfol yana shan shayi, ya gan ta ya miƙe tsaye, don tun da suke sana'ar ba ta taɓa taka shagonsa ba.

"Lafiya dai?"

"Farashi na zo tambaya."

"Ke? A wurina? Sitonki ne ya ƙone?"

"Jam'iyya ce ke so."

Ya dube ta ya ga ba wasa take ba. Ya faɗi farashi, ta taya, suka yi ciniki irin na mutanen da suka san kuɗin kowace kujera tun daga kamfani. Bai rage mata fiye da yadda yake rage wa kowa ba, ita ma ba ta nema ba. Ta janye takardarta daga ofis. Daga ranar duk taron Hedimasta a kan shuɗayen kujeru aka yi shi, nata suna jibge a sito, sai wanda ya zo haya don aure ko ta'aziyya.

Abin bai gyara komai ba. Da ana cewa ta nemi kuɗi a wurin yayanta, yanzu aka koma cewa ta hana shi kujeru. Wasu suka ce ta karɓi wani abu a hannun babbar jam'iyya. Kuɗin hayar kuma ya ci rabon buga fastocin ɗan takara, har Ciyaman ya riƙa yanka tsofaffi yana liƙawa. Ranar gangamin ƙarshe ta je filin makarantar ta tsaya a baya, kusa da famfo. Jama'a sun taru fiye da yadda aka zata. Hedimasta ya yi magana kan lambatu, kan fitilun titi, kan kasuwa, muryarsa na kai wa har bayan katanga ba tare da ya matsa wa lasifika ba. Wasu mata biyu a gabanta suna ta nuna kujerun da baki suna ƙus-ƙus, ɗaya ta waiwayo ta gan ta, suka yi tsit. Ta tsaya har aka tashi, ta tabbatar an loda kayan mutumin, ta biya kuɗin waɗanda aka karya daga asusu, ta karɓi rasit.

Hedimasta ya faɗi zaɓen. Ya zo na biyu, abin da jam'iyyar ba ta taɓa yi ba, amma na biyu ba ya zama kansila. Ya shige gida ya daina fita sai masallaci da sayen jarida. In sun haɗu a wurin Inna sukan gaisa, ya tambayi maigida da yara, ta tambayi iyali, shi ke nan.

Ita kuwa aikinta bai ƙare ba. Ta haɗa rahoto, ta kai hukuma kafin wa'adi, aka buga mata hatimi. Ta ɗauka ta huta. Sai ga sammaci. Wani mai shagon taya da ke son Hedimasta ya yi makonni yana zagaya gari da motarsa da lasifika yana tallata shi. Ta gan shi sau da yawa, har hannu take ɗaga masa, ta ɗauka sha'awarsa ce kawai. Ashe Ciyaman ne yake rubuta masa abin da zai faɗa, yake kuma gaya masa layin da zai bi. Tunda da sanin jam'iyya aka yi, gudummawa ce, kuma ba ta cikin rahoto. Aka ci jam'iyyar tara, aka liƙa sanarwa a allon hukuma, sunanta a ƙasa a matsayin ma'aji.

Ta je ofishin jami'in. Ɗaki ne ƙarami, fayiloli har kan kujerar baƙi, sai da ya kwashe ta sami wurin zama.

"Duk kiran da na yi ta yi maka," ta ce.

"Wannan ba ki kira a kansa ba."

"Ban san abin tambaya ba ne."

"Na sani. Na rubuta a bayanina cewa ba ɓoyewa kika yi ba, shi ya sa tarar ba ta yi nauyi ba. Amma cire sunanki ba ya hannuna." Ya miƙo mata alewar maƙogwaro, ta girgiza kai. "Mu ma littafin namu bai fito da wannan fili ba. Na ce a gyara a bugu na gaba."

Ta fito ta tsaya gaban allon ta karanta sunanta. A kan hanyar komawa ta biya ofishin jam'iyya ta wanke Ciyaman tas, a gaban mai shagon magani da masu jiran magani. Ya yi ta ba da haƙuri, ya rantse bai san magana a lasifika tana da farashi ba. Mijinta ya ce ta ajiye musu muƙaminsu ta huta. Ta ce za ta ajiye, amma sai an biya tarar an cire takardar. Aka biya, aka cire, ba ta ajiye ba. Da ya tambaye ta dalili sai ta ce ba ta son a ce kora aka yi mata.

Shirinta da Hedimasta ya zo ne a barandar asibiti, lokacin da aka yi wa Inna aikin ido. Suna zaune a benci ɗaya suna jira, tazarar mutum guda a tsakaninsu. Ya daɗe yana juya jarida, sannan ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "Wannan iyakar, kowane zaɓe sabuwa take komawa, ko ta tafi ke nan?"

"Sabuwa take komawa."

"To a wannan karon ki ajiye naki sai gangamin ƙarshe. Ƙananan tarukan a yi a kan tabarma."

"Za ka sake fitowa ke nan?"

"Lambatun yana nan ai."

Haka aka yi. A zaɓe na gaba ta zaunar da Ciyaman da duk masu kai-komo na jam'iyya tun kafin a fara, ta karanta musu sabon littafin da ƙarfi, shafi bayan shafi, suna hamma. Ta ce duk wanda aka ba ko ruwan sha da sunan jam'iyya ya zo ya gaya mata. Suka sa mata suna Hukuma. Hedimasta ya ci da ƙyar. Ya yi zango ɗaya, aka gyara rabin lambatun, rabin da ya rage aka ce babu kuɗi. Inna ta rayu ta ga rantsar da shi da idonta da aka gyara, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda cewa Auta ta kyauta a karon farko ba. In zancen ya taso sai ta ce, "Ta dai gyara daga baya."

A tsakanin nan aka yi wa siririn jami'in canjin wurin aiki. Wadda ta gaje shi ta ce yanzu komai yana shafin hukuma na intanet, a aiko da tambaya a rubuce. Mai Kujeru ta sayi tabarau da babbar waya, ta koyi rubutu da yatsa ɗaya. Amsoshin suna zuwa, a tsare, amma babu mai ce mata yau kuma me ya faru. Ma'ajin wasu ƙananan jam'iyyu, har da waɗanda ba sa ga-maciji da tata, sukan biyo ta sito da tambaya. In ta sani ta faɗa, in ba ta sani ba ta nuna musu inda ake aikawa. Mai shuɗayen kujeru ya zama abokin ciniki, in taro ya fi ƙarfin ɗayansu sai su haɗa kaya.

Bayan zangon Hedimasta, shugabannin jam'iyyar na sama suka haɗe ta da wata babba. Aka turo wani akanta da mota ya kwashe fayilolin a kwalaye. Mutum ne mai ladabi, ya duba su sama-sama, ya ce an yi ƙoƙari, ya ce daga yanzu ofishinsu ne zai riƙa kula da komai. Aka yi ɗan taro a saman shagon magani, aka ba ta agogon bango da takardar yabo. Ciyaman ya yi jawabin yabo. Ita ta ce ta gode, ta tuna masa akwai bashin wutar lantarki na ofis da ya kamata a biya kafin a mayar da makulli.

Yanzu gwiwoyinta sun fara ciwo, ba ta iya ɗaga jerin kujeru kamar da, ta fi zama a teburin bakin ƙofa tana ba da umarni. Hedimasta ya koma koyar da manya karatu da yamma, yakan biyo ta sito in zai wuce, ya sha ruwa, ya soki sabon kansila, ya tafi. Kwanakin baya matan ƙungiyar 'yan kasuwa suka zo mata su uku, suka zauna, suka yi ta yabon hankalinta, ta bar su har suka gaji suka fito da abin da ya kawo su: ma'aji suke nema. Ta tambaye su ko suna da rubutacciyar ƙa'ida. Suka dubi juna, suka ce akwai, amma tana hannun tsohuwar shugaba, wadda ta yi fushi. Ta ce su je su lallashe ta su karɓo, ta karanta, sannan a yi magana. Ba su dawo ba tukuna.